Yadda ake gaya wa mai mulki gaskiya a kwana lafiya: hanyar Di Renjie, alƙali kuma wazirin ƙasar Sin

Duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin mai iko ya san irin zaman nan: shugaba ya fusata ya yanke hukunci, kowa a zauren ya san hukuncin bai yi daidai ba, amma kowa ya sunkuyar da kai. Wasu tsoro ke rufe musu baki. Wasu kuma su miƙe su faɗi gaskiya da zafi, washegari a sallame su, hukuncin kuma a zartar da shi yadda aka so tun farko. Ni hanya ta uku ce ta dame ni, wato yadda za ka faɗi gaskiya ta yi aiki, wanda za a zalunta ya tsira, kai ma ka koma gida wurin iyalinka. Wannan sana'a ce da ake koyo, kuma a duk mutanen da na karanta tarihinsu ban ga wanda ya iya ta kamar Di Renjie ba.

An haife shi a Taiyuan, a arewacin ƙasar Sin, a shekarar 630, zamanin daular Tang. Ya yi wa Sarki Gaozong aiki, sannan ya yi wa matarsa Wu Zetian, mace ɗaya tilo a tarihin Sin da ta hau gadon sarauta da sunan kanta. Wannan mata ce ta sa aka ajiye akwatin tagulla a fada a 686 domin duk mai son kai ƙarar wani a asirce ya jefa takarda, kuma a zamaninta manyan fadawa da yawa sun rasa rayukansu kan zargin da ba shi da tushe. A cikin wannan fada Di ya yi waziri sau biyu, ya kwana a kurkuku, ya musa wa sarauniya a kan abubuwan da suka fi mata zafi, sannan ya mutu a 700 a kan shimfiɗarsa, ita kuma tana kuka. Yau mutane da yawa sun fi saninsa a matsayin mai binciken kisan kai, saboda ƙagaggun labaran da wani jami'in jakadancin ƙasar Holan, Robert van Gulik, ya rubuta da sunansa, da finafinan da suka biyo baya. Ka ajiye waɗannan gefe. Abin da zan kawo maka shi ne abin da ke cikin littattafan tarihin daular Tang guda biyu, wanda aka kammala a 945 da wanda aka kammala a 1060, da kuma babban tarihin da Sima Guang ya gama a 1084.

Tara sunanka tun kafin ka buƙace shi

Ranar da za ka tsaya gaban shugaba ka ce masa a'a, abin da ka yi a shekarun baya shi ne zai sa a saurare ka. Di ya ci jarrabawar littattafan hikima ta gwamnati, aka tura shi lardin Bian, inda birnin Kaifeng yake a yau, a matsayin ƙaramin ma'aikaci. Abokan aiki suka ƙulla masa sharri. Wanda aka aiko ya zagaya yankin a lokacin shi ne Yan Liben, minista kuma shahararren mai zane. Ya bincika, ya ga babu laifi, ya kuma ga irin mutumin da ke gabansa, sai ya ba da sunansa aka naɗa shi jami'in shari'a a Bing, lardin haihuwarsa.

A can ne aka umarci wani abokin aikinsa, Zheng Chongzhi, ya yi tafiya mai nisa, alhali mahaifiyarsa ta tsufa tana jinya. Di ya je wurin shugabansu ya roƙi a tura shi a madadinsa. Babu wanda ya sa shi, babu kuma abin da zai samu. Irin wannan abu mutane ba sa mantawa da shi.

A 676 yana babbar kotun ƙasa, inda ya tarar da shari'u sun taru jibgi. Masu tarihi sun rubuta cewa cikin shekara guda ya yanke hukunci a kan mutum 17,000, kuma ba a samu wanda ya dawo yana kukan an zalunce shi ba. To ka lura, yana da shekara 46 a lokacin. Bai fara musu da sarki yana ɗanyen ma'aikaci ba. Sai da ya san doka ciki da waje, kuma kowa ya san ya sani.

Ka riƙe doka, ka kuma bar wa shugaba ƙofar fita

A wannan shekara ta 676 wani janar mai suna Quan Shancai da wani hafsa, Fan Huaiyi, suka sare itace bisa kuskure a cikin harabar kushewar Sarki Taizong, mahaifin sarki mai ci. Gaozong ya ce a kashe su. Di ya ce hukuncin da doka ta tanada shi ne tsige su daga muƙami. Sarki ya fusata, ya ce idan bai kashe wanda ya sare itacen kabarin ubansa ba, ya zama ɗa marar biyayya. Ya ce Di ya fita. Di bai fita ba.

Yadda ya jera maganarsa shi ne darasin, don haka bari in bi ta a hankali. Ya fara da cewa tun zamanin da ana ganin musa wa sarki abu ne mai wuya, amma shi a ganinsa yana da wuya ne kawai a gaban azzaluman sarakuna irin su Jie da Zhou, a gaban adalai irin su Yao da Shun kuwa abu ne mai sauƙi. Da wannan jimla ɗaya ya riga ya ɗora Gaozong a kan zaɓi: in ya saurara, yana sahun adalai. Sannan ya zo kan doka, ya ce idan laifi bai kai na kisa ba amma sarki ya kashe, to mutane ba za su ƙara amincewa da doka ba, ba za su san inda za su sa ƙafa ba. Daga nan ya kawo misali daga tarihin da sarki ya sani, na Zhang Shizhi, alƙalin daular Han, wanda ya tambayi sarkinsa: in an yi hukunci mafi tsanani kan ƙaramin laifi, wane hukunci ya rage ga wanda ya ɗebi ƙasar kabarin sarki kanta? Ya rufe da sunan Gaozong a bakin na baya: me za a ce da sarkin da ya kashe janar-janar biyu saboda itace ɗaya? Ya ce ya ƙi bin umarnin ne don kada ya jefa ubangijinsa cikin abin kunya.

Ko sau ɗaya bai ce sarki mugu ne ba, bai kuma raina zafin da ɗa ke ji a kan kabarin uba ba. Ya ɗauki abin da sarki ke tsoro, wato a ce masa marar mutunci, ya nuna masa cewa kisan ne zai jawo masa wannan suna. Gaozong ya huce. Aka tsige mutanen biyu aka kore su zuwa kudu mai nisa, wanda ya ɗan zarce abin da doka ta ce, kuma Di bai ja da wannan ba. Rayuka biyu ya zo ceto, ya cece su, ya bar wa sarki ɗan abin da zai riƙe girmansa da shi. Bayan 'yan kwanaki aka ɗaga shi zuwa ofishin masu sa ido kan jami'an gwamnati.

In za ka yi koyi da wannan, kafin ka shiga wurin shugaba ka rubuta wa kanka abu uku a takarda: ainihin abin da ƙa'ida ta ce, kalma da kalma, da misali ɗaya daga mutanen da shi shugaban yake girmamawa, da kuma mafi ƙarancin abin da za ka karɓa ka fito. Na ukun ne mutane suka fi mantawa, shi ya sa suke cin gardama su rasa buƙata.

San maganar ɗaki da maganar fili

A 688 wani ɗan gidan sarauta, Li Zhen, ya yi wa Wu Zetian tawaye a lardin Yu, cikin Henan ta yau. Ba a daɗe ba aka murƙushe shi, aka tura Di ya riƙe lardin. Ya tarar da iyalai 600 zuwa 700 da aka jefa cikin zargi, da mutum wajen 5,000 da za a bautar, jami'an fada kuma suna matsa masa a gaggauta kisa. Yawancinsu tilasta musu aka yi.

Di ya rubuta wa Wu takarda a asirce. Ya ce mata in ya yi magana a fili, za a ga kamar yana kare 'yan tawaye, in kuma ya yi shiru alhali ya sani, ya saɓa wa jinƙan da ita kanta take so a san ta da shi. Ka ga dabarar? Da ya kawo maganar a gaban fadawa, dole ta nuna ba ta da sassauci ga masu tawaye, domin mulkinta bai gama zama ba. Da ya kawo ta a ɓoye, sai afuwar ta zama tata, yabon ma nata. Ta mayar da hukuncin kisa ya koma kora zuwa lardin Feng, can kan iyakar arewa. A hanyarsu suka bi ta lardin Ning, inda Di ya yi gwamna shekaru biyu kafin nan, dattawan garin suka tare su suna tambaya ko gwamnansu Di ne ya cece su, suka taru suna kuka a gindin dutsen da aka kafa don tunawa da shi.

A wannan lardi na Yu kuma ya yi akasin haka. Zhang Guangfu, wazirin da ya jagoranci rundunar da ta kashe tawayen, ya bar sojojinsa suna ƙwace suna neman kaya a hannun hukuma. Di ya hana. Da Zhang ya tambaye shi ko raina kwamanda yake yi, sai Di ya ce masa da Li Zhen ɗaya ne ke ta da fitina, yanzu an kashe ɗaya an haifi dubu goma, domin sojoji sun karkashe mutanen da suka riga suka miƙa wuya. Ya ƙara da cewa da takobin sarki na hannunsa, da ya ɗora shi a wuyan Zhang, ko da hakan zai ci ransa. Zhang ya koma fada ya kai ƙara, aka mayar da Di wani lardi a Hubei.

Ba na ganin laifinsa, domin jinin da aka zubar ya isa ya sa mutum ya faɗi haka. Amma ka auna sakamakon biyun. Takardar sirri ta ceci dubbai. Faɗan fili ya raba mutanen Yu da gwamnan da ke kare su. In za ka yi irin na biyun, ka yi shi da sanin kuɗinsa, kuma ka tabbata ka riga ka gama aika irin ta farkon.

Wu ba ta manta da shi ba. A 690 ta kafa daularta mai suna Zhou, a 691 ta naɗa shi waziri. Ta ce masa ya yi aiki mai kyau a Yu, amma akwai wanda ya ɓata shi a wurinta, ko yana son ya san ko wane ne? Di ya ce in tana ganin ya yi kuskure zai gyara, in ta san bai yi ba wannan sa'arsa ce, sunan mai ɓata shi kuwa ba ya son sani. Ka riƙe wannan da kyau. Shugaban da ya miƙo maka sunan maƙiyinka yana gwada ka ne, yana so ya ga ko kai ma za ka zo masa da naka jerin sunayen.

In an kama ka

Wata huɗu ko makamancin haka ya yi a kan kujerar waziri. A farkon 692 Lai Junchen, shugaban masu tatsar bayanai na Wu, mutumin da sunansa kaɗai ke sa manya rawar jiki, ya zarge shi da cin amanar ƙasa tare da wasu manya shida. Akwai ƙa'ida a lokacin cewa wanda ya amsa laifi a tambayar farko za a sassauta masa hukuncin kisa. Di ya amsa nan take. Ya ce sabuwar daula ta zo, komai ya sabunta, shi kuwa tsohon bawan Tang ne, ya yarda ya yi tawaye.

Na san akwai masu karatu da wannan zai ɓata wa rai, su ce ina jaruntar? Ni na daɗe ina juya abin, kuma na tsaya a kan cewa daidai ya yi. Ya san kayan azabar Lai, ya san wanda ya musa mutuwa yake yi a ɗakin tambaya, sannan a rubuta amsar laifi da sunansa. Gawa ba ta ɗaukaka ƙara. Ya sayi lokaci da abin da yake nasa shi kaɗai, wato sunansa.

Inda ya ja layi shi ne sunan wani. Wani jami'in Lai mai suna Wang Deshou ya zo masa da tayi: tunda ka tsira daga kisa, ka ambaci Yang Zhirou a cikin masu laifi, ni ma in samu ƙarin girma. Di ya yi kira ga sama da ƙasa, ya ce shi za a sa ya yi wannan? Ya buga kansa da ginshiƙi har jini ya rufe masa fuska. Wang ya tsorata ya ba shi haƙuri. Wannan iyaka tana buƙatar ka zana ta tun kana gida lafiya lau, domin a cikin kurkuku ba a samun natsuwar zana ta.

Da masu gadi suka ga ya amsa laifi, sai suka sassauta tsaro. Di ya yagi ƙyalle daga mayafinsa, ya rubuta koke a kai, ya cusa cikin audugar rigarsa ta sanyi. Ya ce wa Wang zafi ya fara, a taimaka a kai rigar gida a cire audugar. Ɗansa Di Guangyuan ya warware rigar ya ga takarda, ya kai wa sarauniya. Ko da haka abin bai ƙare ba. Wu ta tura wani jami'i ya duba fursunonin, tsoron Lai ya hana shi ko ɗaga ido ya kalle su, Lai kuma ya ƙirƙiro takardun da ke cewa sun gode da hukuncin kisa ya aika da su fada. Wanda ya karya ƙullin yaro ne da bai kai shekara goma ba, ɗan wani waziri mai suna Le Sihui da aka riga aka kashe. Ya ce wa Wu ta zaɓi bawan da ta fi amincewa da shi ta miƙa wa Lai, za ta ga ya amsa tawaye. Sai ta kira fursunonin da kanta. Ta tambayi Di me ya sa ya amsa, ya ce da bai amsa ba da tuni ya mutu a hannun masu duka. Ta nuna masa takardar godiyar, ya ce bai taɓa rubuta ta ba.

Ba a kashe ko ɗaya cikin bakwai ɗin ba. Aka tura Di ya zama hakimin Pengze, wata ƙaramar gunduma a Jiangxi. Lai Junchen kuwa an kashe shi a 697.

Daga waziri zuwa hakimin gunduma faɗuwa ce mai nisa, amma ya yi aikin kamar shi ya nema. A 696 mayaƙan Khitan, wata ƙabilar makiyaya ta arewa maso gabas, suka kutsa Hebei, aka tuna da shi aka ba shi lardin Wei. Gwamnan da ya gada ya tattaro manoma duka cikin ganuwa suna gyaran kariya. Di ya ce abokan gaba suna nesa, kowa ya koma gonarsa, in sun zo shi zai ɗauki nauyin abin. Ba su zo ba. A 697 ya koma kujerar waziri. Daga baya Wu ta nuna masa cewa Lou Shide, abokin aikin da Di yake raina wa yana neman ture shi, shi ne ya ba da sunansa tun farko bai taɓa faɗa ba. Di ya fito yana jin kunya, yana cewa Lou ya daɗe yana haƙuri da shi bai sani ba. Kafin ka raina wani a ofis, ka tuna ba ka san duk takardun da ke cikin akwatin shugaba ba.

Magana mafi haɗari: nemo inda buƙatar shugaba ta haɗu da gaskiya

Babbar tambayar shekarun ƙarshe na Wu ita ce wa zai gaje ta. 'Ya'yan 'yan'uwanta maza, Wu Chengsi da Wu Sansi, suna matsa mata cewa ba a taɓa jin sarki ya bar wa wanda ba sunan gidansu ɗaya ba gado. 'Ya'yanta na ciki kuwa sunan gidan ubansu suke ɗauke da shi, Li, wato gidan Tang da ta ture. Babban cikinsu mai rai, Li Xian, ita da kanta ta sauke shi daga sarauta a 684 ta kore shi. Mutane sun mutu a kan wannan magana.

Di yana son Tang ta dawo, babu shakka. Amma ka duba ta inda ya shiga a 698. Ya tuna mata wahalar da Taizong ya sha kafin ya kafa ƙasar, da amanar 'ya'ya biyu da Gaozong ya bar mata. Sannan ya yi mata tambayar da ta shiga zuciya: tsakanin uwa da ɗa, da gwaggo da ɗan ɗan'uwanta, wa ya fi kusa? Ya ce in ɗanta ya hau, za a ajiye sunanta a ɗakin kakannin sarauta ana yi mata hadaya har abada, amma shi bai taɓa jin ɗan ɗan'uwa ya zama sarki ya sa gwaggonsa a wannan ɗaki ba. Ga tsohuwa mai shekara saba'in da 'yan kai, a al'adar da ke ɗaukar hadayar zuriya a matsayin makomar mamaci, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ta ce masa wannan sha'anin gidanta ne, kada ya sa baki. Ya ce ga mai sarauta duk ƙasar gida ce, to wane abu ne ba sha'anin gidanta ba, kuma ta yaya waziri zai cire hannunsa?

Ba shi kaɗai ya yi wannan aiki ba. Wani jami'i, Ji Xu, ya bi ta hannun 'yan'uwan nan biyu, Zhang Yizhi da Zhang Changzong, waɗanda sarauniya ke ji da su, ya nuna musu cewa tsirarsu bayan mutuwarta tana ga dawo da ɗanta. Magana ɗaya ta riƙa iso mata ta ƙofofi daban-daban. A shekarar aka dawo da Li Xian birnin Luoyang aka naɗa shi yarima mai jiran gado.

Haka ya yi a 700 da ta so gina ƙaton gunkin Buddha, ta ce kowane mai ibada a gidajen bauta ya riƙa ba da tsaba ɗaya kullum. Bai zagi addininta ba. Ya ce aiki ba aljanu ke yin sa ba, mutane ne, kaya kuma ba daga sama suke faɗowa ba, daga ƙasa ake tono su, kuma koyarwar Buddha ɗin kanta tausayi ce. Ta dakatar da aikin.

Kada ka ɗauka kullum ana karɓar shawararsa, ko kullum daidai take. A 697 ya nemi a janye daga sansanoni huɗu na yamma mai nisa, yankin su Kucha da Kashgar, saboda nauyin da suke ɗora wa talaka. Wu ta ƙi. Shekara biyar kacal kafin nan aka ƙwato su daga hannun Tibet, kuma a nan ina ganin ita ce ta fi hangen nesa. Di bai yi fushi ya ajiye aiki ba, bai kuma mayar da abin gaba ba. Ya faɗi nasa a rubuce, ya ci gaba.

Dasa mutane

Aikin da ya fi daɗewa bayansa shi ne sunayen da ya bayar. Wu ta taɓa neman ya nuna mata mutum na musamman. Ya ce in masu iya rubutu take so, Su Weidao da Li Jiao sun isa, in kuwa mai iya riƙe ƙasa take nema, to ga Zhang Jianzhi a Jingzhou, ya tsufa amma kayan waziri ne. Ta ba Zhang muƙami a lardin Luo. Bayan kwanaki ta sake tambaya, Di ya ce ai wanda ya bayar ba a yi amfani da shi ba tukuna. Ta ce ta ɗaga shi. Ya ce waziri ya ba ta, ba mataimakin gwamna ba. Sai ta mayar da Zhang mataimakin ministan shari'a. In ka yarda da mutum, kada ka ba da sunansa sau ɗaya ka wanke hannu. Ka bi sawu har ya zauna inda ya dace.

Ya ba da sunayen Yao Chong da Huan Yanfan da Jing Hui da wasu da dama. Da aka ce masa duk nagartattun ƙasa daga ƙofarsa suka fito, sai ya ce don ƙasa ya ba da su, ba don kansa ba. Ya tsaya wa janar-janar biyu na Khitan, Li Kaigu da Luo Wuzheng, da suka miƙa wuya ana son kashe su, yana cewa wanda ya yi wa ubangijinsa na da aminci zai yi wa sabo in an kyautata masa, kuma a 700 su ne suka gama da ragowar 'yan tawayen Khitan. Da aka ce kowane waziri ya kawo mutum ɗaya, ya kawo ɗansa Guangsi ba tare da jin nauyi ba, yaron kuma ya riƙe aikin da kyau. A nan dai sai ka yi hattara, domin wani ɗan nasa, Jinghui, da aka ba muƙami a lardin Wei, ya yi zalunci da haɗama har mutanen garin suka rushe abin tunawar da suka gina wa ubansa.

A ƙarshen rayuwarsa Wu ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce Dattijon Ƙasa. Ta hana shi durƙusa mata, tana cewa in ta ga ya durƙusa jikinta ke ciwo, ta kuma ce wa sauran wazirai kada a dame shi sai kan babban al'amari. Ya nemi ya huta sau da yawa ta ƙi. Da ya rasu a 700 ta ce fada ta zama fanko.

Zhang Jianzhi ya zama waziri a 704, da goyon bayan Yao Chong. A farkon 705, sarauniya na kwance ba lafiya, Zhang mai shekara wajen 80 tare da Huan Yanfan da Jing Hui da Cui Xuanwei da Yuan Shuji suka shiga fada da dakaru, suka kashe 'yan'uwan Zhang biyu, suka sa ta sauka. Li Xian, wanda tarihi ya sani da sunan Zhongzong, ya koma kan karaga, aka maido da sunan Tang, Wu kuma ta rasu a ƙarshen wannan shekara. Yao Chong ya rayu har ya yi wa Sarki Xuanzong waziri daga 713, a farkon shekarun da Sinawa ke ƙirgawa cikin mafi albarka a tarihin daular.